Neman Mutum Ashirin

Ba zan tsaya ba da labarin yadda na bar Zariya ba, don babu abin da ya bambanta shi da na kowa, har dambun naman da aka ƙwace mini a filin jirgi. Shekara biyu na yi a wani ƙaramin gari a Amurka ina karatun sadarwa da talla. Da na gama, aka ba ni takardar izinin zama in yi aiki, amma da sharaɗi: in ina da aiki a fannin da na karanta, ina nan, in aikin ya yanke, aka ɗan jima ban sami wani ba, sai in tattara komatsaina. Tun ranar da na karanta wannan sharaɗi ban ƙara cin abinci na ji daɗinsa ba.

Zangona na farko birnin Niyok ne, a ɗakin wani abokin abokina. Sati uku na yi ina kwana a kan darduma tsakanin kujera da firji. Mutumin bai taɓa cewa in tafi ba, sai dai kullum da safe ya tambaye ni, "Ya ake ciki?" da irin muryar da ba amsa take nema ba. Na aika takardun neman aiki har na daina ƙirgawa. Wuri ɗaya ne ya amsa, wani ɗan ofishi a Kolombus, jihar Ohayo, don haka na hau doguwar mota na nufi garin da ban san kowa ba.

Mai ofishin sunanta Misis Loreta, baƙar fata ce 'yar ƙasar, ta doshi sittin, gajera mai saurin magana. Ofishin nata ɗaki ɗaya ne da rabi, a matse tsakanin gidan wankin kaya da shagon gyaran farce, kullum warin sabulu na shigo mana ta bango. Sana'arta dillancin inshorar lafiya. A can asibiti ba ya sanin mutum sai da kati, in ba ka da shi ciwon kwana uku ya isa ya tsiyata ka. Ita ba ma'aikaciyar wani kamfani ba ce, zaman kanta take yi. Mutum zai zo ya faɗa mata magungunan da yake sha da likitan da yake gani, ita kuma ta duba tsare-tsaren kamfanoni daban-daban ta zaɓar masa wanda ya dace, kamfanin ya ba ta la'ada. Kakar kasuwarta tana farawa da shigowar sanyi, ta rufe a tsakiyar Janairu.

Ta ce mini, "Mutanenku sun cika garin nan, ina ganin su a kasuwa, ina ganin su suna tuƙa manyan motocin kaya, amma ko ɗaya bai taɓa turo ƙofar nan ba. Kai ka san harshensu. Ka rubuta, ka yi bidiyo, ka sa a intanet, ka kawo mini su."

Abin da take so suna kiransa lid. Ma'anarsa mutumin da ya shiga shafinmu da kansa, ya cike fom, ya bar lambarsa, ya sa alamar cewa ya yarda a kira shi, kuma mazaunin Ohayo ne, domin lasisinta a jihar ya tsaya. Ta ce in na kawo mata mutum ashirin irin wannan kafin kaka ta rufe, za ta riƙe ni. In ban kawo ba, ofishin ba zai iya ɗaukar baki biyu ba. A raina na yi dariya. Ni da na tashi a Ƙofar Galadima, inda mutum ashirin ke taruwa don kawai an faɗi da keke, shi ne za a ba ni wata biyu da rabi in nemo ashirin.

Na zage na yi aiki. Na rubuta bayanai da Hausa da Turanci a kan abin da kati ke biya da abin da ba ya biya, da yadda mai tuƙin haya zai yi rajista tunda ba shi da ubangidan da zai yi masa. Na sa kaftani na tsaya gaban waya na yi gajerun bidiyoyi. A ƙarshen kowanne sai in ce, "Ku taɓa nan ƙasa ku cike fom, minti biyu ne." Fom ɗin kuwa tambaya shida ce: suna, lamba, gari, wane magani kake sha a kai a kai, wane likita kake gani, da wane lokaci za a iya kiranka.

Bidiyon ya yaɗu, wannan ba ƙarya. Jama'a suka cika ƙasansa da sharhi. Wani ya rubuta, "Allah ya raba mu da ciwo," sai mutum sittin suka jero a bayansa da "Amin." Wani ya ce kaftanina ya yi kyau, wa ya ɗinka. Wasu biyu suka kama gardama a kan halascin inshora, suka yi kwana huɗu suna ja, har suka koma zagin malaman juna. Na buɗe akwatin fom bayan sati biyu na tarar da mutum ɗaya, shi ma ni ne, ranar da na gwada ko yana aiki. Haushin da na ji ya fi ƙarfin a faɗa, don ka ga mutane suna shigowa rumfarka suna gaishe ka, suna yi maka addu'a, suna fita hannu rabbana.

Wanda ya fara buɗe mini ido Alhaji Sale ne, mutumin Maraɗi, mai shagon kayan miya a bayan masallacin da muke Juma'a. Ranar da na fara shiga shagonsa don sayen kuka da daddawa, ya dubi 'yar rigar sanyin da ke jikina, ya shiga ciki ya fito da wata babbar kwat, ya ce ta ɗansa ce ta yi masa kaɗan. Ƙarya ce, don na ga ɗan daga baya, bai kai kafaɗata ba. Na riƙa zuwa wurinsa shan shayi, wata rana na zube masa damuwata.

Ya karɓi wayata ya karanta fom ɗin a hankali, ya ce, "Malam Muntari, kai ma dai. Mutumin da ko matarsa bai gaya wa yana shan maganin suga ba, shi kake so ya rubuta ya aika wa wata mata da bai taɓa gani ba? Mu fa ko a gadon asibiti aka tambaye mu, lafiya lau muke cewa."

Na ce, "To Alhaji, in ba su faɗa ba, ta yaya za a zaɓar musu abin da ya dace?"

Ya ce, "Wannan kuma aikinka ne. Kawo in cike maka nawa."

Shi ne lid ɗina na farko. A wurin magani ya rubuta "babu," alhali ga kwalbar ƙwayoyin hawan jini a gefen na'urar kuɗinsa, ina kallonta tana kallona. Ta hannunsa na sami wasu biyar, duk direbobi, duk "babu" suka rubuta, sai da Misis Loreta ta zaunar da su ta yi ta lallashi kafin gaskiya ta fito.

Disamba ta shiga ina da mutum shida. A nan ne wauta ta kama ni. Wani da na haɗu da shi a wani zauren masu talla a intanet ya ce yana da jerin sunayen 'yan Afirka ta Yamma mazauna Ohayo, duka sun nuna suna neman inshora. Na biya shi daga aljihuna ban gaya wa kowa ba. Lamba ta farko shagon taya ce. Ta biyu wata tsohuwa ta ɗauka, ta ce mai sunan mijinta ne, shekararsa uku da rasuwa, ta tambaye ni wa ya ba ni izinin tayar mata da hankali. Ta huɗu wani ya zage ni tas, ya ce zai kai ƙara. Misis Loreta na jin wannan daga teburinta ta taso ta kife wayar da hannunta.

Ta ce, "Ka san kiran wanda bai yarda a kira shi ba zai iya cinye mini lasisi? Shekara nawa na yi ina gina sunan nan. Kada ka ƙara."

Na koma neman mai jerin, na tarar ya goge kansa daga zauren. Don kunya da takaici na yini ban iya haɗa ido da Misis Loreta ba.

A wannan satin kewar gida ta taso mini gadan-gadan. Hasken rana a can na jeka-na-yi-ka ne, kafin ƙarfe biyar ranar ta riga ta ɓace. Ina tafe cikin ƙanƙara sai in riƙa tuno zauren gidanmu bayan la'asar, Baba a kan buzunsa da rediyo a gefe, masu keke napep suna ta ƙorafin lungunmu ya yi musu ƙunci. Mahaifina, Malam Isiyaku, akawu ne mai ritaya. Shekara talatin da wani abu ya yi yana cike takardun gwamnati, har yau unguwa Akawu take kiransa. Tun rasuwar Inna nake kiransa duk Asabar, kuma hirarmu ba ta canzawa. In ce, "Baba ya jiki?" ya ce, "Lafiya lau, ya aikin?" in ce, "Lafiya lau." Daga nan sai labarin wanda ya rasu da wanda ya haihu.

Yayata Rabi kuwa, malamar firamare ce a cikin birni, ba a ɓoye mata komai. Ta ji muryata ta ce, "Muntari, me ke damunka?" Na gaya mata mutum ashirin ake nema su cike fom, ni kuma ina da shida, in ban cika ba za a sallame ni in dawo gida. Na yi mata bayanin Ohayo da lasisi, amma na lura tun daga "mutum ashirin" ta daina saurare.

Ta ce, "Ashirin kacal? Turo min linkin."

Na ɗauka so take ta ga aikina, na tura mata.

Ranar Litinin na iso ofis na tarar da Misis Loreta a gaban kwamfuta, gilashinta a kan hanci, ko gaisuwata ba ta amsa ba. Ta juyo mini da allon. Fom ɗari uku da goma sha ɗaya ne suka shigo cikin kwana biyu. Har na fara murna, sannan na shiga karanta wurin gari: Ƙofar Galadima, Ƙofar Doka, Limancin Kona, Anguwar Juma, Tudun Wada, Wusasa. Yaya Rabi ta sa linkin a guruf ɗin dangi, da na malaman makarantarsu, da na matan unguwa, ta ce ɗan'uwanmu yana neman kara a Amurka, duk mai ƙaunar marigayiya Inna ya cike. Su kuwa suka yi mini kara irin ta biki, kowa ya kawo gudummawarsa. Wata gwaggona ta cike sau huɗu, har da sunan jikarta mai wata takwas. A wurin likita wani ya rubuta, "Allah ne likita." A wurin lokacin kira, rabinsu suka sa, "Allah ya ba da sa'a."

Misis Loreta ta ce, "Na ce kada ka ƙara sayen sunaye."

Na rantse mata ban saya ba, na ce 'yan uwana ne. Ta ce babu mahaluƙin da ke da 'yan uwa ɗari uku. Na rasa ta inda zan fara yi mata bayanin Birnin Zariya, inda in ka bi salsala mai sayar maka da gero ma kawunka ne. Sai da na nuna mata saƙon Yaya Rabi na fassara mata kalma bayan kalma, sannan ta cire gilashin ta murje ido. Ba ta yi dariya ba. Ta ce manhajar da ke tara mana fom ɗin ta cika ta toshe, kuma in akwai ɗan Ohayo na gaske a cikinsu ya nutse. Ta ce in zauna in bi su ɗaya bayan ɗaya in share.

Na kira Yaya Rabi a fusace, ta ce, "Au, laifi muka yi? Mutane sun ƙona datarsu saboda kai, ko godiya babu." Na kashe wayar don kada in faɗi abin da zan yi nadama.

Haka na zauna ina share dangina. In buɗe, in ga Zariya, in danna. Ina yi ina tsaki, ina jin haushin garin gaba ɗaya, garin da ba a iya barin mutum ya faɗi shi kaɗai, sai an taru an danne shi da ƙauna. Na wuce ɗari biyu hannuna ya saba, saura kaɗan in share wani ban karanta ba, sai na ga ya fi sauran tsawo. An cike kowane gurbi, da manyan baƙaƙe, da aya a inda ta dace. Sunan Isiyaku Akawu ne, Ƙofar Galadima.

A wurin magani ya jero guda huɗu, kowanne da adadin da ake sha safe da yamma. A wurin likita ya rubuta cewa wata bakwai ke nan yana ganin likita a wani asibiti a Wusasa duk ranar Talata, an ce ƙodarsa ta taɓu, kuma an fara maganar wankin ƙoda. A gurbi na ƙarshe ya sa: "Bayan la'asar. Ina roƙon ofis kada a sanar da yarona Muntari, yana fama da neman izinin zama."

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon allon ba. Ni na san zancen Talata, Yaya Rabi ta taɓa faɗa mini Baba ya tsiri ziyarar wani tsohon abokin aikinsa a Wusasa duk mako, har muka yi ta yi masa tsiya. Sama da wata guda ina yawo cikin ƙanƙara ina neman Bahaushe ɗaya da zai rubuta ciwonsa da gaskiya, ga shi na samu, kuma babu katin da ke cikin ofishin nan da zai yi masa amfani. Tsoro ya kama ni, sannan fushi, na rasa da wa nake fushin.

Misis Loreta ta ga na daina dannawa, ta zo ta tsaya a bayana. Na fassara mata. Ta dubi agogon bango ta ce, "Ƙarfe nawa ne yanzu a garinku?" Na ce biyar saura. Ta jawo wayar ofis ta ajiye a gabana, ta ce, "Ya sa alamar ya yarda a kira shi. Kira shi." Ta ɗauki jakarta ta fita, ta ja mini ƙofa.

Ya ɗauka a bugu na uku, ina jin rediyonsa. Da ya ga baƙuwar lamba sai ya gyara murya ya yi sallama irin ta ofis.

Na ce, "Baba, ni ne."

Ya ce, "Muntari? Yau ba Asabar ba. Lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Ya jiki?"

Ya ce, "Lafiya lau."

Na ce, "Baba, daga ofis nake kira. An rubuta a kira bayan la'asar."

Na ji ya rage rediyon. Sannan ya ce, "Ashe kai ke karantawa."

Na ce, "Ni ne ofishin, Baba. Ni da wata mata."

Ya ce, "Rabi ta ce kamfani ne."

Na tambaye shi me ya sa bai gaya mana ba, kuma tunda yana ɓoyewa me ya kai shi rubutawa, ga kowa ya sa "babu" ya wuce. Sai ya ɗan ɗaga murya, irin yadda yake yi mana muna yara. Ya ce, "Baki daban, takarda daban. Ni ban taɓa sa hannu a kan ƙarya ba, ba kuma zan fara da tsufana ba." Ya numfasa, ya ce, "To ya shiga cikin ashirin ɗin?"

Na ce, "Bai shiga ba, Baba. Sai mazaunin nan."

Ya ce, "Ash. An yi aikin banza ke nan."

Daga ranar na ci gaba da aiki, amma rabin hankalina yana Wusasa. Na daina dogara da bidiyo, na koma zama a shagon Alhaji Sale bayan Juma'a ina cike wa mutane fom a bayan kantar shagon, inda ba mai ji. Kaka ta rufe ina da mutum goma sha huɗu. Misis Loreta ta ce za ta iya ƙara mini wata ɗaya ko zan sami wani wurin, ta faɗa tana kallon takardunta. Na yi mata godiya na ce ta bar shi, gida zan koma. Ba zan ce ban ji ciwo ba. Shekara biyu da rabi na wahala, na dawo da akwati ɗaya da kwat ɗin da ba ta da amfani a Zariya, kuma har yau in na tuna shida ne kawai suka rage sai raina ya ɓaci.

Yanzu ina yi wa wasu shaguna a Sabon Gari talla a intanet, duk Talata kuma ni ke tare keke napep mu tafi Wusasa. Halin Baba bai canza ba. Ƙafarsa a kumbure, in tambaye shi ya jiki, ya ce lafiya lau. Don haka na je wurin masu buga takardu na sa aka buga mini fom, tambaya shida, har da layin sa hannu a ƙasa. Kowace safiya in na gaishe shi ya amsa da lafiya lau, sai in ajiye masa guda a kan buzu tare da biro. Yakan harare ni, ya sa gilashinsa, ya cike.